Bishiya Arba'in Kafin Alhamis

Talata: Gusau zuwa Tsafe

Ƙarfe biyar da kwata na asubar Talata na rataya jakata na fito tsakar gida. Na tarar da Inna, mahaifiyata, a tsugune tana alwala a kan ɗan lemun tsamin da ta shuka a cikin tsohon bokiti. Fiye da shekara ke nan ruwan alwalarta a kansa yake zuba. Na durƙusa na yi mata sallama.

"Tsahe za ka?" in ji ta. "To ka tahi da rana, ka komo da rana. Icce dai icce na, kak ka sai da ranka sabo da shi."

Bari in faɗa wa mai karatu abin da ya fitar da ni. Layinmu a Gusau gida ashirin da biyu ne, ya ratsa tsakanin babban titi da hanyar kasuwa. A da yara suna langa a tsakiyarsa. Yanzu duk direban da cunkoso ya matse a titi ta nan yake yankewa: tasi, Keke, tifa, har motar shanu. Inna tana da ƙawa a gidan da ke kallon namu, Hajiya Tumba. Taku goma sha biyu ne tsakanin ƙofofinsu, amma shekara biyu rabon Inna da ta tsallaka, tun ranar da wani mai Keke ya fizge mata sanda. Sai dai su ɗaga wa juna hannu ta tsakanin motoci.

Abin kunyar shi ne ni na jawo. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙin haya, kuma ni ne direban farko da ya gane cewa layinmu yana ɓullewa kasuwa. Na bi, na ji daɗi, na je tasha ina ta baza labari kamar na haƙo rijiya. Ban yi wata uku ba na rasa inda zan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana.

Bana muka haɗa kai da mai unguwa muka nemi izini a ofishin da ke kula da tsarin gari. Aka ba mu na gwaji: mu kafa turakun ƙarfe a bakin layin nan da can, amma da sharaɗin ranar Alhamis ƙarfe goma na safe jami'a za ta zo ta ga bishiya arba'in masu rai a ƙasa. In ta ƙirga ba su cika ba, a cire turaku, motoci su dawo. Kuma Alhaji Mamman, dillalin motoci da ke bakin layi, ya riga ya shigar da tasa takardar yana neman gefen layin ya riƙa jera hajarsa. Mun haƙa ramuka arba'in. Da aka zo wa zai je ɗauko dashe, kowa ya juyo ya kalle ni, ban ko yi gardama ba.

Na ɗauki shatar akori-kurar Lawali, wanda ya taɓa yi mini yaron mota, yanzu kuwa har da furfura a gemunsa. Mun yi sallah a masallacin bakin tasha, muka sha shayi da burodi na naira ɗari takwas, amma ba mu tashi ba. A hanyar nan ba agogo ke sallamar matafiyi ba. Ana jira ne sai motocin farko sun ɓullo daga wancan ɓangare, a tambaye su. Ƙarfe bakwai saura minti goma wata doguwar mota ta shigo, direbanta ya leƙo ya ce, "Hanya lahiya lau." Nan take aka shiga tayar da injuna.

Daga Gusau zuwa Tsafe kilomita hamsin ne da 'yan kai. Shingen bincike shida na ƙirga. Bayan motarmu wayam yake, saboda haka leƙawa kawai suke yi su ɗaga hannu. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, Dutsen Kwatarkwashi ya yi shar kamar an wanke shi. Sai dai akwai wani sarari, kilomita goma sha biyu ko sha uku, da ba zan faɗi sunan ƙauyukansa ba, inda kowane direba yake kashe rediyo ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Lawali ya bi shi a guje, ni kuma ina ta jan carbi. Mun shiga Tsafe ƙarfe takwas da minti biyar.

Tsafe

Malam Isa ɗan ƙanwar Inna ne, yana da lambun renon itatuwa a bayan gari. Ya tarbe mu da hoce da ƙuli-ƙuli, sannan ya zagaya da ni. Ya nuna mini wasu 'yan dashe a leda, dogon yaro da maɗaci, tsayinsu bai wuce kamu biyu ba, naira ɗari biyar kowanne.

"Waɗanga za ka ɗauka," in ji shi. "Su ka jure tahiya, su ka kama ƙasa da wuri."

Na yi dariya. Idona yana can ƙarshen lambu, inda wasu dogaye suke tsaye, sun kai kafaɗata, ganye luf-luf. Na riga na hango jami'ar nan tana shigowa layi ta ga inuwa tun ranar farko, na hango fuskar Alhaji Mamman. Na ce waɗancan nake so.

"Yaya, waɗancan sun tsuhwa cikin leda. Saiwarsu ta huda ta shige ƙasa. In dole su kaka so, sai an yanke saiwa da marece, a ba su ruwa su kwana. Yau ba ka komawa."

"To mu kwana."

Ya dube ni, ya dubi Lawali, ya ce dubu da ɗari biyu kowanne. Na ɗauki arba'in da biyu, har ina yaba wa kaina hangen nesa da na ƙara biyu.

Bayan la'asar muka shiga aiki. Malam Isa yana zura wuƙa ƙarƙashin kowace leda yana datse saiwa, ni ina bin sa da bokiti. Na so in kira mai unguwa in shaida masa sai gobe, waya ta ƙi shiga, sai da na hau tudun bayan masallaci na samu layi. Ya ce Alhaji Mamman ya aiko an auna faɗin gefen layin da igiya, a gaban kowa. Tuwon dawa da miyar kuka aka kawo mana bayan magariba, mai daɗi kuwa, amma loma huɗu na yi na tsame hannu. A zauren Malam Isa muka kwana.

Laraba da safe: Tsafe zuwa Gusau

Ƙarfe shida muka fara lodi. Na jera su a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, motar ta zama kamar lambu mai taya. Malam Isa ya fito da tsohon tamfol ya ce a kwantar da su a gicciye a lulluɓe. Lawali ya ce sam.

"Baba, kai ka san hanyar ga. Kaya a ruhe, shinge shidda, kowane sai an kwance an duba, kuma gaskiyassu ta. Mu kai azahar bisa hanya. A buɗe ko, kowa na ganin icce na, mu wuce."

Maganar direba ce, ni kuma direba ne, sai ta shige ni. Abin da na sani a duniya shi ne kaya su isa da wuri. Buhun masara bai taɓa yi mini ƙorafin iska ba. Na ce a bar tamfol. Malam Isa ya naɗe abinsa, ya ce, "To don Allah ku tahi sannu. Kak ku wuce arba'in."

Mun tashi bakwai da minti goma. Shinge biyu na farko yadda Lawali ya faɗa haka aka yi. Wani soja ma ya yi murmushi ya ce a ajiye masa ɗaya ya dasa a bakin shingensu, rana tana gasa su. Muna tafe a kan arba'in, motoci suna wuce mu suna mana hon, ina leƙa madubi ina ganin ganye yana rausaya, raina fes.

Muna shiga sararin nan Lawali ya kashe rediyo. Minti biyu, uku, sai na lura da abin da kowane tsohon direba yake tsoro: babu mota ko ɗaya da ke fitowa daga gabanmu. Motocin da suka wuce mu sun ɓace. Titi ya zama namu mu kaɗai. Can gefen dama na hango garma a yashe a tsakiyar gona, shanun a ɗaure da ita, babu mai su. Sai ga wani mai babur ya ɓullo daga hanyar daji ba hula, ya hau kwalta ya nufi Gusau kamar zai tashi sama. Bai kalle mu ba.

Lawali ya taka. Na ga allura ta wuce sittin, ta wuce tamanin. Na dubi madubi, ganye yana tashi a bayanmu kamar an watsa fara.

"Lawali, rage kaɗan," na ce.

"In rage? Baba, ɗiya shidda gare ni."

Ban sake cewa ya rage ba. Gaskiya ma, da muka zo wata kwana na ga kamar mutane a tsaye cikin ciyawa, ni da bakina na ce masa, "Taka, Lawali, taka!" Ramukan titi ba mu kauce wa ko ɗaya ba. Ina jin leda tana fashewa a baya, ina jin reshe yana karyewa, addu'ar da na sani tun ina yaro ta ɓace mini sai "Ya Allahu" kawai nake maimaitawa.

Da muka iso shinge na gaba mun tarar da motoci sun fi talatin a tsaye ta ɓangaren Gusau, an tare su. Muka tambayi wani jami'i ko lafiya. Ya ce an ba su umarni ne su dakatar da hanya, mu dai mu gode wa Allah mu wuce. Har yau ban san abin da ya faru a dajin nan ba, ko ma wani abu ya faru. Mun iso bakin layinmu takwas da rabi.

Na zagaya bayan mota na duba. Goma sha ɗaya da suke jingine da kan mota su ne da ganye. Goma sha biyar sun zama tsirara, sanduna a leda. Sauran goma sha shida sun karye daga gindi, ko leda ta yage ƙasa ta zube saiwa tana waje a bushe. Mutanen layi suka taru. Alhaji Mamman ya taho da butar shayinsa, ya leƙa, ya ce, "Sannu da hanya, Malam Garba. Iccen girki anka aike ka saye?"

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Mai unguwa ya ja ni gefe ya ce akwai wani dattijo a Bungudu, Baba Ishaya, tsohon ma'aikacin gandun daji da ya yi ritaya ya zauna a can yana lambu a bakin gulbi. Muka sauke masu ganye da tsirarun a inuwar zaurena, aka yayyafa musu ruwa. Na ɗauki tsirara ɗaya na saka a gaban mota don in nuna masa irin aikin da na yi.

Laraba da hantsi: Gusau zuwa Bungudu

Goma da rabi muka kama hanyar Sakkwato. Bungudu kilomita ashirin ce da ɗoriya, shinge uku. Fita daga cikin Gusau kaɗai ta ci mana minti ashirin da biyar, fiye da abin da sauran hanyar ta ci. Sha ɗaya da kwata muka sauka daga kwalta, wani mai sayar da rake ya nuna mana hanyar lambun.

Baba Ishaya ya haura saba'in, gajere, da tsohuwar hular kaki. Shekara arba'in yana Zamfara, Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sannan ya karɓi sandar da na zo da ita, ya sa farcen babban yatsa ya kankare ɓawon kaɗan. Ƙarƙashinsa kore ne shar, da danshi.

"Wanga bai mutu ba," in ji shi. "Tsoro ya ji ya zub da riga. Mako ukku shi tohu. Mutanen birni ganye suka kallo, manomi ɓawo shika kankara."

Sai da na zauna a kan wani kututture. Wato ina da ashirin da shida ke nan, in Allah ya so. Na ce ya ba ni ashirin.

"Da ina da su da na ba ka. Damina ta, an kwashe. Waɗanda sunka isa dashe sha huɗu sunka rage."

Na lissafa a yatsa. Ashirin da shida da sha huɗu, arba'in cif, ba rarar ko ɗaya. 'Yan gajeru ne, maɗaci da mangwaro, irin waɗanda na raina jiya a Tsafe. Naira ɗari shida kowanne. Ya tambaye ni wa zai dasa, na ce ni da matasan layi. Ya girgiza kai.

"Kak ka yi haka. Ka san mutanenmu. Ka dasa icce ƙohwar gidan mutum, gobe shi ce hili kaka nema, ko shi bar wa akuya. Ka miƙa wa kowane mai gida nashi, shi sa da hannunai. Wanda ya dasa shi ka ba da ruwa."

Matarsa ta kawo mana dafaffen rogo da yaji da ruwan randa. Shi da kansa ya yi lodin: ya rage wa kowanne ganye, ya kwantar da su a gicciye kai yana kallon baya, ya jiƙa buhunan algarara a gulbi ya lulluɓe su har da sandar da na zo da ita. Lawali ya buɗe baki zai yi maganar shinge, na ce masa ko sau goma za a kwance, ni zan kwance in ɗaure. Baba Ishaya ya ce buhun zai riƙe danshi awa ɗaya da rabi, bayan nan in rana ta samu ledar, saiwa za ta dahu.

Laraba da rana: komawa Gusau

Mun yi azahar a Bungudu muka tashi ƙarfe biyu daidai. A kan talatin muka tafi. Shinge uku, sau uku na sauka na ɗaga buhu, aka duba, na mayar. Babu wanda ya ɓata mana lokaci fiye da minti biyar. Uku saura kwata muka shigo gari, har na fara sakin jiki.

Kafin babban shataletale muka tsaya cak. Wata tirela ta mutu a gicciye, motoci sun yi layi huɗu a titin layi biyu, Keke sun cusa kai a kowace kafa, masu babur sun hau inda masu ƙafa ke bi. Ba gaba, ba baya. Rana ta take, hayaƙi yana shiga hanci, kuma a duk tsawon titin nan babu inuwar da kaza za ta fake. Na tuna lokacin da nake yaron mota, dogon yaro ne jere a nan dama da hagu, a ƙarƙashinsu muke cin abinci. An sare su an faɗaɗa titi don motoci su samu hanya, ga shi motocin sun cika shi sun tsaya.

Uku da kwata na sauka na taɓa buhu. Gefensa ya bushe ƙamas. Na zura hannu, ledar ta yi ɗumi. Ruwan da ke jarkarmu na juye, bai jiƙa rabi ba.

"Baba, ga lungu can," in ji Lawali. "In munka kutsa ta nan, mu ɓulla bayan makaranta. Kai ka koya min shi."

Ni na koya masa kuwa. Na dubi lungun. Motoci sun riga sun fara kwarara ciki. A bakinsa wata tsohuwa tana tsaye da ƙwarya a ka, ta manne da bango, tana jiran a ba ta hanya, ba mai ko kallonta. Na daɗe ina kallonta. Ina son bishiyoyin nan su rayu kamar in yi kuka, amma na kasa cewa Lawali ya juya kan mota.

Sai na hangi 'yan garuwa uku a gefen titi da amalankensu, su ma cunkoson ya hana su tsallakawa. Na ratsa tsakanin motoci na same su. Na ce zan sayi ruwan duka, jarka naira ɗari biyu, kuma zan biya su ladan turi zuwa layinmu, kilomita biyu. Babbansu ya leƙa bayan mota ya ce, "Icce za mu ɗauka? To bismilla." Muka sheƙa wa dashen ruwa har yana ɗiga a kwalta, muka jera su a amalanke, muka bar wa Lawali jarkunan da motarsa. Ta bakin kwata muka bi, ta gaban shaguna, ina gaba ina ba mutane haƙuri. Direbobi suna leƙowa suna mana dariya, wani ya ce ga gandun daji yana tafiya. Huɗu saura minti biyar muka shige tsakanin turakun layinmu, inda mota ba ta isa ta bi ba. Lawali bai iso ba sai bayan biyar da rabi.

Bayan la'asar na yi yadda Baba Ishaya ya ce. Na bi gida-gida ina miƙa wa kowane mai gida nasa, wasu biyu wasu ɗaya. Waɗanda suka samu tsirara suka ɓata fuska, na nuna musu yadda ake kankarawa. Kafin kiran magariba rami arba'in sun cika, an kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki.

Alhamis

Jami'ar ta iso goma da minti goma, ita da mai riƙe mata fayil. A bakin turaku ta bar motarta ta shigo da ƙafa. Duk layi an fito, mata suna leƙe ta ƙofa. Alhaji Mamman yana biye da ita.

"Hajiya, takarda icce mai rai ta ce," in ji shi. "Ki duba da kyau. Sanduna na sunka kakkahe."

Ta tsaya a gaban tsirara ta farko. Na matso zan yi bayani, sai na ga ta tsuguna ta sa farce ta kankare ɓawon. Ta duba, ta ce, "Ɗaya." Ashe 'yar manomi ce. Haka ta bi su, masu ganye ta wuce da ido, tsirara ta tsuguna. Ina biye ina ƙirgawa a zuci.

A ƙofar Hajiya Tumba ta kankara, ta sake kankarawa ƙasa, ta sake can gindi. Fari fat, a bushe. Ta ɗan ja shi, ya taho a hannunta.

"Talatin da tara," in ji ta da ta kai ƙarshe. "Malam, na ga wahalar da kuka sha. Amma arba'in aka rubuta, ni kuma abin da na gani zan rubuta."

Alhaji Mamman ya yi gyaran murya. Na tsaya da busasshen icen a hannu, ina tunanin dogayen da na nace sai su, da tamfol ɗin da na ƙi. Na roƙe ta ta ba ni awa biyu in nemo ɗaya a cikin gari, ta duba agogo ta ce tana da wasu unguwanni biyu kafin azahar.

Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Inna ce ta fito daga zaurenmu, sanda a hannun dama, bokitin lemun tsaminta a rungume a hagu, tana rangaji saboda nauyi. Na yi sauri zan karɓa, ta ce in bar ta. Ta sauko daga dakali, ta dubi dama, ta dubi hagu, yadda ta saba, ko da yake babu abin da ke tahowa. Sannan ta taka. Taku goma sha biyun nan duk layi muka tsaya muna kallo, har ta dire bokitin a bakin ramin da ke ƙofar ƙawarta.

"Ɗiyata," ta ce wa jami'ar, "wanga icce na ko ba icce na ba?"

Jami'ar ta dubi ganyensa, ta ce, "Icce ne, Inna. In ya shiga ƙasa."

Na fasa bokitin da fartanya. Inna da Hajiya Tumba suka tsuguna, hannu huɗu, suka saka shi suka tura ƙasa. Jami'ar ta buɗe fayil ta rubuta arba'in.

Da jama'a suka watse na ce wa Inna ai da ta bari an dasa shi a ƙofarmu, namu kuma a mayar da shi ramin Hajiya Tumba a yi musanya, ba sai ta wahala ba. Ta harare ni.

"Kai dai direba na har gobe. Can nika son shi. Kullum da asuba sai in tsallaka in yi alwala."

Na gode wa Allah da ya fitar da mu ya dawo da mu gida lafiya. Na gode wa Malam Isa da na ƙi jin maganarsa, da Baba Ishaya da na ji tasa, da Lawali, da 'yan garuwa uku da ban ko tambayi sunansu ba. Tsirarun nan goma sha huɗu duk sun toho. Yau da asuba da na fito masallaci na hango Inna a tsakiyar layi da butarta, tana tafe a hankali, ba ta waiwaya ko'ina ba.